Ba Kowace Daɗewa Ce Ɗorewa Ba: Kalmomin Ingilishi da Aikin Mai Fassara a Matameye

Garin Matameye, a jihar Damagaram, yana kan hanyar da ta nufi iyakar Najeriya ta ɓulle Daura, daga can ta zarce Kano. Saboda haka mai ciniki a kasuwar garin yakan ci karo da harsuna uku a kan haja ɗaya: Hausar da ake taya kaya da ita, Faransancin makaranta da ofis, da kuma Ingilishin da ke jikin kwalayen da aka shigo da su daga Kano. A jikin batirin tocila an rubuta “long-lasting”, a jikin tayar babur an rubuta “durable”. In aka tambayi mai kanti ma'anarsu, ba ya dogon tunani, sai ya ce kayan suna da ƙarko. In kuwa aka miƙa kalmomin ga wanda ya yi boko, mai fassara sanarwa a rediyo ko mai rubuta allon wata ƙungiyar raya karkara, mafi yawan lokaci amsarsa ɗaya ce: “mai ɗorewa”.

A wannan gaɓa mai kanti ya fi ɗan boko gaskiya. Ingilishi yana da tarin kalmomi na siffanta abin da ya wuce lokacin da aka zata masa, kuma kowace da inda ta dosa. Fassarar zamani tana neman ta tattara su duka ta zuba a cikin ƙwarya ɗaya, alhali Hausa tana da mazubi daban ga kowace. Wannan al'ada tana ƙuntata harshen rubutu, kuma a wasu wurare, kamar sanarwar kiwon lafiya, tana iya ɓatar da mai sauraro.

Abin da kalmomin Ingilishi ke ɗauke da shi

Duk kalmar da ke cikin wannan rukuni tana ɗauke da kaya uku. Akwai tsawon lokaci. Akwai zaton da aka yi wa abin tun farko, wanda ya saɓa. Akwai kuma hukuncin mai magana: yabo yake yi ko kuka. Wanda ya fassara na farko ya bar biyun, ya isar da sulusin saƙo ne kawai.

Asalin kalmomin yana nuna bambancinsu. “Durable” da “endure” sun samo tushe daga kalmar Latin “durus”, wato mai tauri, don haka hoton da ke cikinsu na abin da ake bugu bai fashe ba ne. “Resilient” daga “resilire” take, wato yin tsalle a komo baya. Ba ta musun cewa abin ya lanƙwashe ko ya faɗi, abin da take yabo shi ne miƙewarsa. “Perennial” haɗin “per” da “annus” ce, abin da ke ratsa shekaru, kamar tsiron da ba a sake shuka shi kowace damina. “Sustainable” ta fito daga “sustinere”, tallafe abu ta ƙasa, kuma ma'anarta ta yau ita ce abin da za a iya ci gaba da yi ba tare da an cinye tushensa ba. Waɗannan duka sun karkata ga yabo.

A ɗaya ɓangaren akwai kalmomin ƙosawa. “Protracted” daga “trahere” take, jan abu a ƙasa, ana faɗin ta ga yaƙi ko shari'a ko yajin aikin da aka yi ta ja. “Chronic” daga kalmar Girkanci “khronos”, wato lokaci, ta zama ta ciwon da ya zauna a jiki. “Lingering” ƴar'uwar “long” ce, ana faɗin ta ga wari ko zazzaɓi ko shakkar da ta kamata ta tafi amma ta tsaya jan ƙafa. Ita kuwa “persistent” tana tsakiya: in an siffanta ɗalibi da ita yabo ne, in an siffanta tari da ita gargaɗi ne.

Ingilishi yana kuma amfani da ƙirar kalma wajen nuna zarce zato. Ɗafa-goshin “out-” a cikin “outlast” da “outlive” yana kwatanta abu biyu, ɗaya ya riga ɗaya ƙarewa. Ɗafa-goshin “over-” a cikin “overstay” yana nuna an ƙetare wa'adi, kuma kusan kullum da zargi a cikinsa. Baƙon da aka ce masa “overstay” ba a yaba masa ba.

Tarkon da Faransanci ya ɗana

Ɗalibin Nijar yana da wata matsala da takwaransa na Kano ko Zariya bai cika fuskanta ba. Kalmar “durable” tana cikin Faransanci da Ingilishi da rubutu iri ɗaya, amma faɗin gonarta ya bambanta. Tun bayan rahoton kwamitin Brundtland na 1987, abin da Ingilishi ya kira “sustainable development” Faransanci ya tsaya a kan kiran sa “développement durable”. Ke nan kalma ɗaya ta Faransanci ta ɗauki aikin kalmomi biyu na Ingilishi, na ƙarkon taya da na tsarin da ba ya cinye gobensa. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 a watan Satumba na 2015, kafofin watsa labarai na Hausa suka kira su muradun ci gaba mai ɗorewa, kalmar ta shiga kowane taro da kowace takarda.

Wannan fassara a wurinta daidai take, har ma ta fi ta Faransanci dacewa. “Ɗore” ɗan gida ɗaya ne da “ɗora” da “ɗori”: a aza wani abu a kan wani, ko a haɗa ƙashin da ya karye ya koma ɗaya. Abin da ya ɗore shi ne wanda gaɓarsa ta yau ta haɗu da ta gobe ba tare da yankewa ba, kamar zumunci ko sana'ar gado ko zaman lafiya. Kuskuren ya faro ne daga lokacin da mai fassara ya saba da cewa “durable” ita ce “mai ɗorewa”, sannan ya bi duk wata kalma mai ƙamshin daɗewa da wannan amsa. Ta haka ake samun jimloli irin su “rikici mai ɗorewa” ko “ciwo mai ɗorewa”, waɗanda kunnen Bahaushe ke ji kamar ana yi wa masifa fatan alheri, domin a bakinsa ɗorewa abin roƙo ce: Allah ya sa abin ya ɗore.

Abin da Hausa ta tanada

Ta fuskar kalmomi, rumbun cike yake. “Ƙarko” na kayan da ake mora ne, yadi ko takalmi ko tukunya, har ma aure akan yi masa addu'ar ƙarko. “Juriya” da “jimiri” na mai rai ne da ya sha wuya bai karaya ba. “Naci” na wanda aka kora ya dawo ne, kuma kamar “persistent” yana iya zama yabo ko ƙorafi. “Taurin rai” na abin da ya kamata a ce ya mutu ne amma yana nan. “Daɗewa” da “jimawa” ba su da hukunci, lokaci kawai suke aunawa. A ɓangaren kuka akwai “ya ƙi ci ya ƙi cinyewa”, da “ya yi kaka-gida”, da “ya samu gindin zama”. Mikin da ya ƙi warkewa yana da sunansa na kansa, gyambo, kuma Bahaushe yakan ari sunan ya laƙaba wa duk matsalar da ta gagari magani. Baƙon da ya wuce kwanakinsa kuwa cewa ake ya miƙe ƙafa, tunda an san baƙo raɓa ne.

Amma babbar dukiyar tana cikin nahawu, kuma a nan ne ɗalibin kimiyyar harshe ya fi kowa abin faɗi. Abin da Ingilishi ke cusawa a cikin sifa ɗaya, Hausa takan rarraba shi a cikin jimla. A ɗauki tsohuwar Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, motar da aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Wanda ya ganta ɗauke da buhuna bayan ya ɗauka ta daɗe da zama tarkace zai ce: “Ashe motar nan har yanzu tana nan daram!” Kalmar “ashe” ita ta ɗauki saɓawar zato, irin abin da Scott DeLancey ya yi rubutu a kansa a 1997 a matsayin rukunin nahawu mai nuna mamakin mai magana. “Har yanzu” ta ɗauki lokaci. Amsa-kamar “daram” ta ɗauki yabo. Kaya ukun nan duka sun iso, ba tare da sifa ko ɗaya ba.

Haka nan tsarin giredin aikatau, wanda F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, Paul Newman kuma ya faɗaɗa bayaninsa a nahawunsa na 2000, yana ba da wata hanya. Aikatau na giredi na 7, in aka kore shi, yana yin aikin da Ingilishi ke yi da “un-” da “-able”: igiya ba ta tsinkuwa, ƙwarya ba ta fasuwa, yadi ba ya yaguwa. Aikatau “ƙi” kuma yana ba abu marar rai niyya da taurin kai: tari ya ƙi tafiya, wuta ta ƙi mutuwa. Aikatau “fi” yana yin aikin “out-”, “wuce” da “zarce” suna yin aikin “over-”. Akwai ma salon rage magana, inda “ya kwana biyu” ke nufin ya tsufa ƙwarai. Mai fassarar da ya nace sai ya sami sifa a madadin sifa ya rufe wa kansa duk waɗannan ƙofofi.

Inda kuskuren ke da tsada

Wani zai ce wannan gardamar malamai ce, wadda ba ta wuce ɗakin karatu. Misalai daga ƙasar Matameye kanta sun nuna akasin haka.

Na farko, gidan sauro mai magani, wanda a Nijar ake kira sange. Sunansa a takardun Hukumar Lafiya ta Duniya yana ɗauke da “long-lasting”, kuma kalmar a nan tana da ma'auni: ana sa ran maganin ya jure wanki 20 da amfani na shekara uku. An kira shi haka ne don ya fi na da daɗewa, wanda sai an riƙa sake tsoma shi a magani. In aka ce wa uwa sangenta “mai ɗorewa” ne, an ba ta dalilin riƙe shi shekara shida tana zaton yana aiki. In aka ce maganinsa yana kai shekara uku kafin ya sane, an faɗa mata gaskiya, an kuma faɗa mata lokacin neman sabo.

Na biyu, harshen asibiti. A ƙa'idar hukumar nan, gudawar da ake kira “persistent” ita ce wadda ta kai kwana 14 ko fiye, tarin da ya kai mako biyu kuma dalili ne na gwajin tarin fuka. Tamowa ma iri biyu ce a wurin ma'aikatan lafiya: “acute”, mai ramar da yaro cikin ɗan lokaci, da “chronic”, mai tsumburar da shi a hankali. A yankin da ya ga yunwar 2005, wannan bambanci ba ado ba ne. “Tari mai naci, wanda ya ƙi tafiya bayan mako biyu” jimla ce da za ta tayar da mutum ya nufi likita.

Na uku, iyaka. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, aka ce atisayen tsaro ne na kwana 28. Ba a fara buɗe su ba sai a watan Disamba na 2020. Ga garin da cinikinsa ke kallon Daura da Kano, wannan shi ne ainihin abin da ya wuce zato. Kalmomin Ingilishi da suka dace da shi su ne “prolonged” da “protracted”, kuma fassararsu ta gaskiya ita ce rufewar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Babu ɗan kasuwar da zai kira ta mai ɗorewa.

Na huɗu, itatuwa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, an ɗauka gonakin kudancin Nijar sun rabu da itace. Ashe kututturan da aka sare suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna toho ana sassabe su. Da manoma suka koma zaɓen toho mai ƙarfi suna raino, dabarar da aka sani da sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa ta a ƙasar Maraɗi tun daga 1983, sai gonaki suka sake yin duhu. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 a Magarya da Matameye da Mirya ya ƙiyasta cewa abin ya shafi kusan hekta miliyan ɗaya, kuma gawo ne ya fi yawa. Rahotannin Ingilishi suna son kalmar “resilient” a nan. Amma labarin yana da matakai uku, kuma Hausa tana da kalma ga kowane: kututturen yana da taurin rai, gonar ta farfaɗo, dabarar kuma ta ɗore domin ƴaƴa sun karɓa daga iyaye. A nan ne kawai, a mataki na uku, “ɗorewa” ta zauna a kujerarta. Gawon kansa ma ya fi ƙarfin “evergreen”, tunda da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore.

Siyasa ta ba da misali na ƙarshe, wanda ya nuna cewa Hausa ma tana bayarwa. “Tazarce” jimla ce, “ta zarce”, da ta dunƙule ta zama suna. Ta yi tashe a Najeriya a 1998, a zamanin Janar Sani Abacha, ta sake tashe a Nijar lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ya shirya ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta 2009 don ƙarin shekara uku, kafin sojoji su kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Jaridun Faransanci na Yamai ba su fassara ta ba, ɗaukar ta suka yi yadda take. Magoya baya sun nufi ci gaba da aiki, ƴan adawa sun nufi ƙetare wa'adi. Rigimar ƙasa gaba ɗaya ta kasance a kan kaya na uku, wato hukuncin da kalmar ke ɗauke da shi.

Hujjojin masu ja

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Masu tsara keɓaɓɓun kalmomi suna cewa harshen mulki da na kimiyya yana buƙatar daidaito: kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, ta yadda takardar Yamai da ta Damagaram da ta Kano za su faɗi abu ɗaya. Gaskiya ne. Amma ƙa'idar tana aiki ta fuska biyu. In ma'ana ɗaya tana son kalma ɗaya, to ma'anoni goma ba za su yi tarayya a kalma ɗaya ba. A bar wa “sustainable” kalmar “mai ɗorewa”, a tsare ta a nan, sannan a daidaita “mai ƙarko” ga “durable” ta kaya, “mai naci” ga “persistent”, da sauransu.

Wasu kuma suna cewa fassarar da ke warware sifa ta mai da ita jimla tana da tsawo, ba ta shiga kanun labari ko allon sanarwa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai “ya ƙi ƙarewa” ba ta fi “mai ɗorewa” tsawo ba, kuma gajartar da ta sauya ma'ana ba riba ba ce.

Hujja ta uku ta masu cewa a ari kalmomin kawai, kamar yadda kasuwa ta ari “garanti” da “orijina”. Aro ba aibi ba ne. Hausa ta ara daga Larabci da Barebari da Azbinanci tun kafin zuwan Turawa, ta kuma narkar da abin da ta ara. Amma harshe yakan ari abin da ba shi da shi ne. “Garanti” ta shigo da sabon abu, alkawarin kamfani a rubuce. Ƙarko da naci da juriya kuwa ba baƙi ba ne a gidan Bahaushe.

Aikin da ke jiran ɗalibai

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ma'anar wannan ga mai nazarin harshe ita ce fassara tsakanin Ingilishi da Hausa, wadda a da ake ganin ta Najeriya ce, za ta ƙaru a wannan ɓangare na iyaka, kuma yawancin masu yin ta za su iso Ingilishi ne ta kan gadar Faransanci, da tarkon “durable” a gabansu. Abin da aka rubuta a takardun farko shi ne zai zama abin koyi. Jihar Damagaram, inda aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, ta san yadda abin da aka fara da sunan gwaji yake shafe shekaru; kalmar da aka sa ta wucin gadi ma haka take yin kaka-gida.

Ƙamusoshin da ake da su, daga na Bargery na 1934 zuwa na Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 da na Jami'ar Bayero na 2006, sun tara kalmomin. Abin da ya rage shi ne bayanin iyakokinsu: wace kalma ke tafiya da wane irin suna, wacce ke yabo, wacce ke kuka, kuma ina karin Damagaram ya saɓa da na Kano. Wannan bincike ne da ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko ta Abdou Moumouni ta Yamai zai iya yi da na'urar ɗaukar magana da littafin rubutu. Ya zauna da mai gyaran babur ya ji yadda yake bambanta kayan gyara, da mai sayar da atamfa, da ungozoma, da manomin rake a fadama, da tsohon da ya raini gawo a gonarsa. Ya tattara jimloli cikakku, kada ya tsaya ga kalmomi tsuraru, domin an ga cewa rabin ma'anar yana cikin “ashe” da “ƙi” da “har yanzu”. Sannan ya jera su gefe da gefe da kalmomin Ingilishi da na Faransanci, ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu.

Malaman fassara kuma suna da nasu rabon. Kafin ɗalibi ya rubuta “mai ɗorewa”, ya kamata a saba masa da tambayoyi biyu: shin mai maganar yana murna da daɗewar nan ko yana kuka da ita, kuma shin abin yana da wa'adin da ya kamata mai sauraro ya sani? Mai kantin Matameye yana amsa su kullum ba tare da ya san sunansu ba, shi ya sa ba a taɓa jin ya ce bashin da ya ƙi biyuwa ya yi ƙarko.